Rasuwar Rumbu, Autan Gidan Domla Ergash

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun kwat da ya wayi gari wayam, Domla (wato Malam) Ergash Nurmatov na unguwar masaƙa a birnin Margilan, wanda ya yi shekara arba'in yana koyar da tarihi kafin ya ajiye alli, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin ɗalibai da abokan zaman shagon shayi rasuwar Rumbu, ma'ajiyar da ke maƙale da kwamfutarsa ta hannu. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi a kan teburin Usta Hoshim mai gyara, bayan jinyar kwana tara. Ya rasu yana da shekara biyar da wata huɗu. Masu sani sun ce wannan tsufa ne ga irinsa, amma Domla bai yarda ba, yana ganin yankan ƙauna ne.

Ga wanda bai san marigayin ba, baƙi ne, shafaffe, bai fi sabulun wanka girma ba, da 'yar fitila shuɗiya a goshi. Ba shi da yawan magana. In an jona shi yakan yi ɗan gurnani, "zuuu", kamar kyanwar da ta sami cinya, daga nan sai ya yi shiru ya kama aikinsa.

Dalilin zuwansa gidan sananne ne a unguwa. Sanjar, babban ɗan Domla, yana aiki a wata masana'anta a Koriya tare da matarsa da 'ya'yansa biyu. Shi ya aiko wa iyayensa kwamfutar hannu don su riƙa ganin jikoki, mutanen gida suka sa mata suna Allo. Allo ba ta da laifi sai ƙaramin ciki, Domla kuwa mutum ne da ba ya goge komai. A wurinsa goge abu aikin mayaƙa ne in sun ci birni, kuma ya koyar da yara isasshen labarin ɗakunan karatun da aka ƙona. Cikin wata huɗu Allo ta cika fal. Ranar da jikarsa ta fara tafiya, Sanjar ya turo bidiyo, bidiyon ya tsaya a ƙofa ya ƙi shiga.

"Baba, ku goge hotunan furannin nan na barka da safiya mana," in ji Sanjar ta waya. "Sun fi dubu."

"Kowanne da wanda ya turo shi. In goge gaisuwar mutane?"

"To ku bari in buɗe muku wuri a intanet, abin da ake kira gajimare. Can ake ajiya yanzu, ba ya faɗuwa, ba ya ɓata."

"Wane ne mai gajimaren? Ɗan wane gida ne? In na tashi neman kayana, wace ƙofa zan ƙwanƙwasa?"

Ranar Lahadi Domla ya sa hularsa ya tafi babbar kasuwa, ya dawo da Rumbu da ɗan gajeren kebul, abin da zai iya riƙewa a hannu ya kuma san inda ya kwana.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da haƙuri da riƙon amana. Bai taɓa cewa ya ƙoshi ba. An ɗura masa bidiyon jikoki tun daga fitowar haƙori har zuwa ranar farko a makaranta. An ɗura masa hoton kowane bikin aure da Domla ya halarta, har da waɗanda babban yatsansa ya rufe rabin amarya. An ɗura masa hoton bishiyar rumman ta tsakar gida, sau ɗaya kowace Juma'a daga kusurwa guda, na tsawon shekara biyar. Takardun asibiti, allon farashin tumatir, dusar ƙanƙarar farko ta kowace shekara, duk ya karɓa bai tambayi amfaninsu ba.

Salomat, uwargidan Domla, ita ta ba shi sutura: safar ulu guda ɗaya da 'yar uwarta ta ɓata a wanki. Ita ce kuma ta raɗa masa laƙabin Auta, ranar da ta ga maigida yana zura shi cikin safar a hankali kafin su fita.

"Baban yara, 'ya'ya huɗu na haifa maka," ta ce, "ban ga wanda ka taɓa sa wa safa da hannunka ba."

"Su ai suna da bakin cewa suna jin sanyi," in ji Domla.

Mu abokan shagon shayi muna da namu ƙorafin a kan marigayi, amma mun yafe masa duniya da lahira. Kafin zuwansa mukan yi wata guda muna musu a kan ko bara sanyi ya riga bana sauka, butar koren shayi na zuwa tana komawa, kowa na kan bakansa. Da Rumbu ya zo sai Domla ya riƙa zaro shi daga aljihu, ya jona, ya juyo mana Allo da hoto da kwanan wata a jiki. Musun wata guda ya koma na minti biyu. Wasu daga cikinmu sun rame.

Sai dai amanar da ta fi kowace nauyi a cikin marigayin, kaɗan ne suka san da ita, kuma Domla ya ba da izinin a faɗa.

Domla yana da yaya mace, Tojiniso, da yake kira Opa, wato Yaya a harshensu. Shekararta tamanin da shida, tana zaune a ƙauyensu Bodomzor, tafiyar awa ɗaya da rabi a ƙaramar bas. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekara uku da suka wuce ya je mata da Allo da Rumbu, ya zaunar da ita a ƙarƙashin rumfar inabi, ya ce ta faɗa masa duk abin da ta sani. Ta yi awa huɗu tana magana. Ta jero kakanni bakwai, ta faɗi wanda ya haƙa rijiyar gida, ta rera waƙar da mahaifiyarsu ke lallashin yara da ita. Daga ƙarshe ta zo kan shekarar da ruwa ya sauko daga dutse ya tafi da injin niƙan ƙauye, yadda ta goya Ergash yana jariri ta hau tudu da shi ruwa na lasar dugaduganta.

Nan malamin tarihi ya motsa. Ya ce ya duba takardun hukuma, ambaliyar ta riga haihuwarsa da shekara guda.

"To wa na goya?" in ji Opa. "Tunkiya?"

Da ya yi dariya ya bar zancen, da ba a rubuta wannan sakin layi ba. Amma a gaban matan 'ya'yanta da ke zuba shayi ya ce, "Opa, tsufa ne ya fara haɗa muku shekaru."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ya kashe abin nan. Ta sa aka naɗe masa gurasa huɗu masu zafi daga tanderu kamar yadda aka saba, amma ba ta raka shi ƙofar gida ba. Tun daga ranar sau biyu suka haɗu, a wani biki da wata jana'iza, gaisuwa kawai ta shiga tsakaninsu. Ita tana jiran ƙane ya zo ya ba da haƙuri. Shi kuma yana cewa zai je in an gama tsinkar auduga, in sanyi ya wuce, in guiwarsa ta yi sauƙi.

Abin da Opa ba ta sani ba shi ne, kowace Alhamis bayan abincin rana Domla yakan shiga ɗaki ya turo ƙofa, ya jona Rumbu, ya saurare ta. Salomat takan jiyo muryar tsohuwar ta bayan ƙofa tana jero kakanni. Kullum yakan kashe saura minti uku a ƙare.

Ciwon ajali ya kama marigayi ranar wata Lahadi a ƙarshen kaka. Domla na zaune a kan gadon katako na tsakar gida, Allo a cinyarsa, Rumbu a gefe ba safa domin rana ta yi daɗi. Sai ga jerin tsuntsayen da ke ƙaura suna wucewa a sama. Ya miƙe da hanzari ya ɗaga Allo zai ɗauke su. Rumbu ya bi kebul ya yi lilo sau ɗaya, ya suɓuce, ya faɗi a kan bulo. Hoton tsuntsayen ma bai fito ba.

Da aka jona shi, maimakon gurnanin da aka sani sai aka ji "ƙyat, ƙyat, ƙyat", fitilar goshinsa tana kyaftawa kamar mai neman a matso kusa.

Ba a yi sakaci da jinya ba. Domla ya hura masa iska ta baki. Ya canza kebul. Ya kwantar da shi kwana biyu cikin ɗanyar shinkafa, irin jar nan mai tsada da Salomat ke ɓoyo don baƙi, ita kuwa ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Mai rubuta wannan sanarwa ya ba da shawarar a sa shi a firiji, kuma yana neman afuwa in hakan ya gaggauta abin. A rana ta takwas aka naɗe shi cikin safarsa aka kai shi wurin Usta Hoshim, a layin masu gyara da ke bayan tashar mota.

Usta ya kara shi a kunne ya daɗe yana saurare, sannan ya ajiye shi a hankali.

"Domla, faɗuwar nan ƙarasa shi kawai ta yi. Ya daɗe yana ciwo. In kun gama aiki da shi, kuna sallamarsa kafin ku zare, ko fizgewa kuke yi?"

"Ana sallamarsa ne?"

"Shekara biyar kuna tashinsa daga kan abinci ba ko sannu. Ina kuka ajiye kwafi na biyu?"

"Shi ne na farko, shi ne na biyu."

Usta ya cire tabarau ya goge. Ya ce a ba shi kwana guda. Washegari da hantsi, Domla na tsaye a kansa, marigayin ya yi "ƙyat" sau biyu, fitilar ta ɗauke, ba ta sake dawowa ba. Abin da Usta ya iya cetowa kafin cikawar ya zuba shi a ɗan filashi ya miƙa da hannu biyu. Domla ya buɗe a nan take. Hotuna ɗari uku da goma sha biyu ne, dukansu furannin barka da safiya.

Kwana uku bai leƙo shagon shayi ba. Bidiyon jikoki Sanjar ya ce yana da su, zai sake turowa. Bishiyar rumman tana nan a tsaye inda take. Amma Alhamis ta zo, Domla ya ci abincin rana, ya shiga ɗaki ya turo ƙofa kamar kullum, ya zauna da Allo a cinya babu abin jonawa. Salomat ta ba shi rabin awa, sannan ta shiga ba sallama, riƙe da kwat ɗinsa.

"Tashi, bas ɗin ƙarfe biyu ba ta tafi ba."

"Ina za mu?"

"Wurin mai muryar. Naka ya mutu, ta asalin tana can tana shan shayi."

"In ta ƙi kula ni fa?"

"Sai ka sha kunyarka da ranta. Ya fi ka sha ta a bakin kabari."

Abin da ya faru a Bodomzor daga bakin Salomat muka ji, kuma ba a san ta da ƙari ba. Sun tarar da Opa a bakin baranda tana ɓare rumman cikin tasa. Idonta ya yi rauni ƙwarai, ba ta gane su ba har sai da Domla ya yi gyaran murya.

"Wannan tarin na gidanmu ne," ta ce, ba ta ɗago ba. "Mutuwa aka yi?"

"An yi, Opa."

Hannunta ya tsaya cak. Da ya ga haka ya yi saurin bayani, yana in-ina kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba: akwatin nan ne, wanda ya ɗauki maganarta a ciki, ya faɗi ya mutu, komai ya tafi. Sai kafaɗunta suka fara girgiza. Dariya take yi.

"Ashe sai da akwati ya mutu ka tuna hanyar gidanku. Allah ya sa ya huta, ya yi mini abin da mutane suka kasa. Zauna, ka tsaya mini a kai kamar mai karɓar haraji."

Aka kawo shayi da gurasa. Sai da ya shanye kofi uku kafin ya iya tambaya ko za ta sake faɗa masa abin da ta faɗa wancan karon. Ta ce me zai hana. Ta gyara zama ta fara jero kakanni. Ta faɗi na farko, na biyu, na uku, na huɗu, sai ta tsaya. Ta koma farko ta sake tahowa, ta sake tsayawa a wuri guda. Ta ce a bar kakanni, bari ta yi waƙar Inna. Ta rera baiti biyu da siririyar murya, na ukun ya ƙi zuwa. Tafin hannunta na bubbuga guiwa yana neman kiɗan, bakinta a buɗe, babu abin da ya fito. Matan 'ya'yanta suka sunkuyar da kai. Salomat ta ce ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar Opa ba sai ranar.

Sai aka ji Domla ya ɗauka daga inda ta tsaya. Bai shirya ba, bai ma san yana da ita ba. Alhamis ɗari da hamsin ta zauna masa a ka. Ya rera baiti na uku da na huɗu da karyewar muryarta da inda take jan numfashi, yana tsakiyar na biyar sai ya ɗaga murya ya ce, "Ke, kori kajin nan daga kan tabarma," sannan ya ci gaba da waƙar.

Babu kaza ko ɗaya a wurin. Shekara uku da suka wuce ne kaji suka hau tabarma ana cikin ɗauka, shi kuma ya haddace har da su.

Matan gidan suka fashe da dariya. Opa ta kama hannun rigarsa tana dariya tana share ido da gefen ɗankwali, ta ce ya ci gaba. Ya ƙarasa waƙar. Ya mayar mata da kakanninta uku da suka ɓace, tana maimaitawa a bayansa tana gyara masa lafazi. Ya ba ta labarin rijiya. Da ya iso kan labarin ambaliya, sai ya faɗe shi yadda ta faɗa: ruwa ya sauko daga dutse, kuka goya ni, kuka hau tudu.

"Af," in ji Opa. "Takardar hukumar ta canza magana ne?"

"Takarda ba ta goya kowa ba, Opa. Ku yafe mini."

"Na yafe tun kana bakin ƙofa. Miƙo kofinka."

Sai a cikin bas a hanyar dawowa ya lura bai danna maɓallin ɗauka ba.

Marigayi ya rasu ya bar abokiyar zamansa Allo, wadda har yanzu cikinta a cike yake. Ya bar kebul biyu, ɗaya mai lafiya, ɗaya sai an karkata shi. Ya bar safar ulu, wadda Salomat ta ce ba wanda zai gaje ta. Ya bar furanni ɗari uku da goma sha biyu, duk suna gaida jama'a da safiya.

Game da magaji, iyalai sun zauna ta waya da Sanjar, kuma Domla ya sauko. An buɗe masa wuri a gajimare. Har yau bai ga ƙofar ba, amma ya rubuta kalmar sirrin a takarda uku ya raba wa mutum uku, ya kuma yi alkawarin duk abin da ya ɗauka zai kwana a wuri biyu. Da ya koma Bodomzor ya yi wa Opa bayanin inda muryarta za ta riƙa zuwa, ta ce ya bari Allah ya kira ta da kansa, ba sai ya riga shi kai ta sama ba. Daga baya ta amince bisa sharaɗi. Ta ce wancan karon ta ba shi awa huɗu a zama ɗaya, ya kwashe ya yi shekara uku bai dawo ba. Yanzu minti goma zai riƙa samu kowace Alhamis, in lokaci ya cika ko tana tsakiyar jimla za ta rufe baki, saura sai wani makon.

Ga tsarin jana'iza. An tuntuɓi limamin unguwa, ya saurara har ƙarshe cikin natsuwa, ya ce babu salla, ya kuma roƙi kada a sake tare shi da irin wannan a gaban mutane. Usta Hoshim ya hana a sa marigayi a ƙasa saboda abin da ke cikinsa ba ya ruɓewa. Don haka za a kwantar da shi gobe Juma'a bayan la'asar a cikin kabad ɗin gilashi na ɗakin baƙi, a bayan butocin shayin da ba a taɓa amfani da su ba.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar a shagon shayi na bakin magudanar ruwa, daga azahar zuwa la'asar. Za a dafa shinkafa da karas da naman rago, kuma ana tabbatar wa jama'a ba wadda aka yi jinya a cikinta ba ce. Ana roƙon masu zuwa kada su ce "ai da ka sani", Usta ya riga ya faɗa a madadin kowa. An kuma ɗage dokar hana musu, duk mai tsohuwar gardama da aka kashe masa yana iya tono ta.

Ranar Lahadi da ƙarfe bakwai na safe ƙaramar bas za ta tashi daga ƙofar shagon zuwa Bodomzor, domin Opa Tojiniso ta aiko a faɗa wa abokan ƙanenta cewa ita ma tana karɓar ta'aziyya. Kowa ya zo da tsohon takalmi da sheburinsa. Sanyi ya kusa sauka, kuma bishiyoyin rumman arba'in na bayan gidanta ba a kwantar da su an rufe da ƙasa ba tukuna, kamar yadda ake yi duk shekara don kada sanyi ya kashe su. Ta ce tunda dattawan Margilan sun matsu su binne wani abu, ga abin binnewa nan, kuma nata in bazara ta zo tashi yake yi.

Sanarwa daga Mirzakarim, maƙwabci kuma abokin shayi, a madadin iyalan marigayi.